Kunnuwan Baba Fulogi

A layin masu sayar da kayan wuta, da ka wuce rumfar mai faci, akwai wani ɗan shago a ƙarƙashin matakalar bene, wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Nan Baba Fulogi ya yi yawancin rayuwarsa. Ba sunansa na gaskiya ba ne, amma ya bi shi har ya danne na gaskiyar. Tun yana da sauran ƙuruciya, duk wanda ya kinkimo masa inji yana kuka da shi, kafin ya kai ƙarshen bayani sai ya tare shi da cewa, "Bari mu fara duba fulogi." Tun abokan aiki na tsokanarsa da sunan yana hararar su, har ya zamana in an ce Fulogi shi ne farkon waiwayawa. Da furfura ta fito aka ƙara masa Baba a gaba.

Ba da janareta ya fara ba. Mahaifinsa ya kai shi wurin wani tsoho mai naɗin koyil da gyaran fanka, mutum mai saurin hannu wajen make ƙeyar yaran shago, mai rowar bayani. Tsohon ba ya cewa ga abin da ya lalace. Sai dai ya kunna abu, ya ɗaga yatsa, ya ce, "To, me ya ce maka?" In ka ce ba ka ji komai ba, ka ji a ƙeyarka. A haka Fulogi ya koyi sauraro kafin ya koyi riƙe filaya. Daga baya ya bi masu jan waya a sababbin gine-gine, a nan wata waya da aka rantse masa babu wuta a cikinta ta bar masa tabo a tafin hannun dama, fari fat, wanda har yau ba ya jin zafi ko sanyi a wurin.

Da wutar gari ta fara wasan ɓuya, yau akwai gobe babu, janareta ya shiga gidaje, kasuwar Fulogi ta buɗe. Masu gyara sun yi yawa a layin, amma kunne irin nasa babu. Yana zaune a bakin shago da kofin shayi, a tayar da inji a tsallaken titi, sai ya ce wa mai faci, "Wancan iska yake sha ta gefe," ko kuma, "Wannan ba zai kai watan gobe ba." Kuma haka za ta kasance. Mutum ne mai taurin kai a kan aikinsa. In maigida ya ce a ajiye masa janareta a cikin baranda don tsoron ɓarayi, sai Fulogi ya tattara kayansa cikin jaka. "Hayaƙin nan ba ya sallama," yake cewa. "Ka nemi wani ya yi maka, ni ba da hannuna ba." Wasu su ji haushi su tafi, wasu su dawo.

Da wannan sana'a ya yi aure, ya gina ɗakuna uku a bayan gari, ya aurar da 'ya'ya. Babban ɗansa ya ƙi aikin ƙememe, ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana warin fetur ba, sai ga shi ya zama direban tankar mai. Wannan abu har gobe in an tuna shi a gidan sai an yi dariya. Auta kuwa, 'yarsa ta ƙarshe, malamar firamare ce, tana aure a unguwar da ke kusa, kuma ita kaɗai ce a duniya take iya ce masa ya yi shiru ya yi. Matarsa, wadda yara da manya a layinsu suke kira Inna, mace ce marar yawan magana. Shekarun da suka yi tare ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

Shi ya sa da ta fara ɗagawa ya ji ciwo.

Abin ya fara ne da wani ɗan kuka a cikin kunne, siriri, kamar gyare ya ɓuya a bayan kabad. Ya ɗauka gajiya ce. Ya ɗiga man zaitun, ya sa aka wanke masa kunnen a kemis, kukan yana nan. Sannu a hankali maganar mutane ta fara zuwar masa a guntule: ya ji farko, ya ji ƙarshe, tsakiya babu. Muryar maza da sauƙi. Ta mata da ta jikokinsa kuwa sai ka ce daga ƙasan rijiya. Ya ƙara wa rediyo murya, ya ce batir ne ya yi sanyi. Ya fara cewa mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Ya koyi kallon leɓe, ya koyi gyaɗa kai, ya tanadi kalmomi biyu da suke shiga kusan ko'ina: "Haka ne," da "To, madalla."

Wata safiya maƙwabcinsa, mai sayar da katifa, ya tare shi a ƙofar gida, fuska a sunkuye, ya yi wata magana ƙasa-ƙasa. Fulogi yana sauri, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "To, madalla, Allah ya ƙara." Ya hau babur ya wuce. Sai da ya dawo da yamma ya ga tabarmi a ƙofar gidan mutumin, ya gane ƙaninsa ne ya rasu. Ya zauna a cikin masu gaisuwa yana jin kamar ƙasa ta tsage. Ya yi ta'aziyya ya tashi. Ya shiga gida Inna ta dube shi, ta buɗe baki, ya ce, "Kaina ke ciwo," ya shige ɗaki.

Abin da ya fi damunsa ba mutane ba ne. Inji ne. Yanzu in an tayar da janareta a gabansa, abin da yake ji dunƙulen ruri ne kawai, haɗe da kukan da ke cikin kansa. Ƙananan muryoyin nan da yake rarrabewa a da, wannan na fistin, wancan na boris, duk sun narke sun zama ɗaya. Yana dai karkata kai ya lumshe ido kamar yadda ya saba, don masu kaya suna son ganin hakan, sannan ya kwance injin ya bi shi da ido da hannu har ya gano ciwon. Aikin da yake yi kafin shayi ya huce ya koma na wuni guda. Ya ce wa kansa ai babu wanda ya cutu.

Ana cikin tsananin zafi wata mata ta zo shagon. Dattijuwa ce, ta rufe rabin fuskarta da mayafi saboda rana, ga alamar gajiya har a tafiyarta. Mai faci ne ya rako ta, yana cewa da ƙarfi, "Ga shi nan, Hajiya, in wannan bai iya ba, sai dai ki haƙura."

Fulogi ya ba ta kujera, ya matso da tasa kusa, ya ce rana ce take kashe masa ido. Daga abin da ya tsinta, da abin da mai faci ya yi ta maimaitawa, ya haɗa labarin. Mijinta tsohon direban bas ne, ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance, ga ciwon suga, allurarsa kuma sai a firji. Taransifomar unguwarsu ta ƙone, an daɗe babu wuta, babu kuma ranar gyara. Ɗakin ya zama tanda, bayan mutumin ya fara salewa saboda gumi da kwanciya. Surukinta, mijin babbar 'yarta, ya sayo musu janareta na hannu, amma samun wanda zai haɗa shi ya zame mata wata jinyar. Na farko da aka kawo mata ya zura waya kai tsaye cikin soket, talabijin ya yi hayaƙi. Na biyu ya ce kafireta ce, ya kwance ta ya tafi da ita, sai da surukin ya yi ta sintiri kafin ya karɓo. Na uku kullum yana hanya.

"Na gaji, Malam," in ji ta, wannan kam ya ji shi sarai. "Ni ba na iya barinsa shi kaɗai. Yanzu ma maƙwabciya na roƙa ta zauna da shi. Kowa na tambaya sai ya ce in zo wurinka."

"Kin zo gida, Hajiya," ya ce. "Gobe da safe ina ƙofarki."

Aikin da ya yi a gidan nan, ko maƙiyinsa ya gani sai ya yaba. Ya zagaya bayan gida ya zaɓi wuri nesa da tagar maras lafiya, inda iska za ta kwashe hayaƙi ta yi waje da shi. Ya sa aka zuba ɗan daɓe, ya kafa rumfar kwano. Ya cire wayar da na farko ya ƙona, ya ja sabuwa mai kauri a cikin bututu, ya kafa makunnin sauya wuta a bango daidai tsayin Hajiya, don in wutar gari ta dawo kada su yi karo. Ya nuna mata yadda za ta ɗaga da yadda za ta sauke, ya sa ta yi da hannunta har ta daina tsoro. Ya wanke kafireta, ya zuba sabon baƙin mai, ya ja igiya. Injin ya tashi.

Daga cikin ɗaki fanka ta fara juyawa. Ta taga Fulogi ya hango mutumin a kan gado, dogo, ya rame, ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana tarar iskar.

Fulogi ya koma wurin injin, ya durƙusa, ya karkata kai. Ruri. Ya ƙara matsawa har zafin salansa ya doki kumatunsa. Ruri dai, da gyaren nan nasa. Injin na hannu ne, bai san inda ya yi rayuwarsa ba, kuma a da ba zai bar gidan ba sai ya saurare shi ya yi zafi ya huce. Zuciyarsa ta ce masa ya kira Ɗan Gayu, mai gyaran da ke tsallaken titi da shagonsa, ya zo ya sa kunne. Sai ya tuna yadda Ɗan Gayu yake tafe da farar riga da turare, yadda ya janye masa masu kaya da yawa, da yadda labarin zai zaga layi kafin la'asar. Ya ɗora tafin hannu a kan tanki. Rawar injin ba ta yi masa wani iri ba.

Hajiya ta fito ta tsaya a kansa, mayafi a bakinta saboda hayaƙi, tana nuna injin tana magana. Kalma ɗaya ya kama: ƙara. Ya ɗauka kuka take da ƙarar, kamar yadda kowa yake yi ranar farko.

"Haka suke, Hajiya," ya ce yana murmushi. "Za ki saba."

Ta sake duban injin, sannan ta gyaɗa kai. Ta yi masa godiya har da hawaye, ta raka shi ƙofa tana sa masa albarka.

Ba a yi mako ba surukin ya zo. Fulogi yana tsugune yana kwance wata fanka sai ya ga inuwa a kansa. Mutum ne ƙaƙƙarfa, ma'aikacin wani kamfanin siminti, da hular aiki a hannu, idonsa jawur. Shi kam ba a sha wahalar jin sa ba.

"Kai ne Fulogin? Kai ne wanda ake ta yabo?"

"Ni ne. Lafiya?"

"Ina lafiya! Inji ya fashe da tsakar rana, ƙarfe ya huda cikinsa ya fito. Allurar Baba ta lalace a zafi, ba su sani ba suka ci gaba da yi masa, ga shi can a asibiti bai san wanda ke kansa ba!"

Mutane suka fara taruwa. Mai faci ya ajiye tayar da ke hannunsa ya matso yana cewa a yi haƙuri, a bi a hankali.

"Wane haƙuri? Mama ta faɗa masa! A gabansa ta tsaya ta ce, Malam, wannan ƙarar da yake yi ƙwas-ƙwas kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, lafiya kuwa? Ya ce mata za ta saba. Tsohuwar da ba ta san komai a inji ba ta ji, kai da aikinka ke nan ba ka ji ba? Da ka faɗa, da a ranar na mayar wa wanda ya sayar mini!"

Fulogi ya miƙe a hankali, sukudireba a hannu. Duk layin ido ya dawo kansa, har Ɗan Gayu ya fito bakin shagonsa. Mutumin ya ƙara wasu maganganu masu zafi, mai faci da wani mai sayar da kwan fitila suka janye shi gefe.

Da rana ta yi sanyi Fulogi ya je gidan Hajiya. Maƙwabciya ta buɗe masa. Ya kwance injin a ƙarƙashin rumfar da ya kafa da hannunsa, ya ga abin da ya san zai gani: ƙarfen da ke riƙe fistin ya daɗe da cinyewa, yana ta bugawa har ya karye. Irin bugun da a da zai ji shi tun daga bakin titi. Ya zauna a kan daɓen, hannu duk baƙin mai, ya daɗe bai motsa ba.

A gida Inna ta ajiye masa abinci bai taɓa ba. Labari ya riga shi isowa. Ta kashe rediyo, ta jawo kujera ta zauna a gabansa daf, abin da ba ta saba yi ba, ta yi magana a hankali tana buɗe baki yadda zai gani.

"Malam, na gaji da rufa maka asiri a bayan idonka."

Ya ɗaga kai.

"Ni na je na ba mai katifa haƙuri. Ni nake ce wa jikokinka ba fushi kake da su ba in sun gaishe ka ka yi shiru. Ƙaramar har kuka ta yi, ta ce Kaka ya daina sonta. Ina ɗaga murya kana cewa na raina ka. To yau ga inda aka kai."

"In na ce ba na ji," ya ce, "wa zai sake kawo mini inji? Me zan zama a layin nan?"

"Ban sani ba," in ji ta. "Amma mutum yana kwance a asibiti."

Ta kira Auta a waya. Washegari Auta ta nemi izini a makaranta, ta zo da mayafinta a kafaɗa, ba ta tsaya gaisuwa mai tsawo ba. "Baba, sa takalminka."

A asibiti aka shigar da shi wani ɗan ɗaki mai taga ta gilashi, aka rufa masa wasu abubuwa a kunne, aka ba shi maɓalli, aka ce duk lokacin da ya ji ƙara ya danna. Ya ji ta farko ya danna, ya ji ta biyu. Daga nan sai shiru. Ya zauna yana jira a ci gaba, yana tunanin ko na'urar ce ta tsaya, har ya fara duban wayarta da idon mai gyara. Sai ya hangi Auta ta gilashi, tana tsaye bayan ma'aikaciyar da ke kula da na'urar, ta kawar da fuska tana goge ido da gefen mayafi. Ashe ana ta kunnawa.

Likitan bai ɓoye masa ba. Ya ce ƙarar inji ta shekara da shekaru ce ta cinye jijiyoyin, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Akwai ɗan abin da za a maƙala masa a kunne ya taimaka wajen jin magana. Amma in yana son ya tsira da ragowar, ya yi nesa da injuna.

"Likita, to ai kamar ka ce wa kifi ya yi nesa da ruwa ne," in ji Fulogi, yana ƙoƙarin dariya. Babu wanda ya taya shi.

Abin da ya fi masa wuya a rayuwarsa shi ne tsallaka titin nan. Ya sami Ɗan Gayu yana goge hannu da tsumma mai tsabta. Mutumin ya miƙe da sauri ya ba shi kujera, Fulogi ya ƙi zama.

"Injin matar nan zan tayar," ya ce. "Hannu ina da shi. Kunne ne babu. Ina so in na gama ka zo ka saurara mini."

Ya shirya wa dariya, ko wata 'yar magana mai ƙaiƙayi. Ɗan Gayu sai ya sunkuyar da kai, ya matso kusa da kunnensa.

"Baba, ai mun daɗe da sani."

"Su wa?"

"Duk layin. Tun bara. In ka gama aiki mai wuya, mai faci yakan ce wa mai kaya ya biyo ta nan in ɗan saurara, ba tare da ka sani ba. Wannan ne ya kuɓuce mana, don a gida ka yi shi. Babu wanda ya iya tarar ka da maganar. Kai ne fa, Baba."

Fulogi ya juya ya dubi tsallake. Mai faci ya duƙufa a kan wata taya kamar bai san ana yi ba. Wato duk karkata kan nan da lumshe idon da yake yi, suna kallo, sun sani, suna yi masa kara. Da zagi Ɗan Gayu ya yi masa da ya fi sauƙin haɗiya.

Su biyu suka yi aikin. Fulogi ya bi 'yan gwangwan ya samo gangar jikin wani inji irinsa, ya haɗa komai da hannunsa, bai bar ƙusa ɗaya ba tare da ya sake bin ta ba. Da aka tayar, Ɗan Gayu ya durƙusa da farar rigarsa a kan daɓe, ya saurara har injin ya yi zafi, sannan ya ɗaga babban yatsa. Hajiya ta dawo daga asibiti ɗaukar kaya ta same su. Fulogi ya cire hula ya faɗa mata abin da ya faru da bakinsa: bai ji injin ba, bai ji tambayarta ba, kuma ya san ba ya ji tun kafin ya shigo gidanta. Ta saurare shi har ya gama. Ta ce wani abu gajere ta shige ciki. Ya dubi Ɗan Gayu.

"Ta ce ta ji," in ji shi.

An sallamo mutumin daga baya, amma ba kamar yadda ya tafi ba. 'Yar maganar da yake iya yi a da ta ɗauke. Fulogi ya je dubiya, sabon abin jin nan a kunnensa yana ta yi masa tsuwa. Surukin ya gan shi ya tashi ya fita. Fulogi ya zauna a bakin gado, fanka na juyawa a kansu, ya riƙe hannun mutumin mai lafiya. Tsohon direban ya dube shi, ya matse hannun kaɗan. Ko ya san waye, ko bai sani ba, Fulogi bai iya ganewa ba.

Kafin shekara ta zagayo mutumin ya rasu. Fulogi ya sa Auta ta tambayi wata ƙawarta ma'aikaciyar jinya ko lalacewar allurar nan ce ta jawo. Amsar da ta kawo ba ta yi masa amfani ba: mai irin wannan ciwo, a irin wannan zafi, babu mai iya cewa ga abu ɗaya. Wajen gaisuwa Hajiya ta ce masa, "Kwanansa ne ya ƙare, Malam. Kada ka ɗora wa kanka." Ya ji wannan da kunnensa, kuma ya yarda da gaske take. Sai dai daga baya, da wani soket ya lalace a gidan, wani aka kira, ba shi ba.

Ya daina taɓa janareta. Masu zuwa nemansa da inji a bayan babur, yana nuna musu tsallake. Da farko suna cewa su shi suke so, daga baya suka daina tsayawa. Rabin shagon ya bar wa wani mai sayar da cajar waya, don shi kaɗai ba zai iya riƙe shi ba. Abin jin yana taimakonsa a ɗaki in mutum ɗaya ke magana. A kasuwa kuwa sai ya tattaro masa hayaniyar duniya ya juye masa a ka, har ya cire ya sa a aljihu. Ya koma aikin da ya fara da shi, jan waya a sababbin gine-gine tun kafin a sa ƙofofi, inda babu kowa sai shi da tsani da bango. 'Yan kwangila suna son aikinsa don ba ya ha'inci a kaurin waya, amma suna ƙorafin ba ya sauri, kuma in an kira shi a waya sai Inna ta karɓa.

Babban ɗansa ya zo ya ce ya ajiye aikin haka nan, su za su riƙe gidan. Fulogi ya ce ya ji, zai duba. Auta ta ce duba ɗin nan ta san shi. Abu ɗaya dai suka ci nasara a kai: babur. Wata mota ta kusa kwashe shi a mararraba, direban ya rantse ya yi ta danna ham tun daga nesa. Ranar Inna ta ɗauke makullin ta kulle a akwatinta, ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta bayar ba. Ya yi faɗa, ya yi fushi, ya ƙi cin abinci, ba ta ko kalle shi ba. Ƙarshe aka sayar.

Yanzu da sassafe yake fita, jakar kayan aiki a kafaɗa, ya taka zuwa bakin babban titi ya jira motar haya. Inna takan biyo shi har ƙofar gida da tsintsiya a hannu, wai shara za ta yi. Tana nan tsaye tana kallonsa yana duba dama, ya duba hagu, ya sake duba dama, har sai ta ga ya tsallaka sannan ta koma ciki.